Ina Kuɗinmu Suke Tafiya, Wa Kuma Zai Amsa? Sharhi Kan Koken Talakawan Tasawa Da Mayahi

Koke biyu ne suka fi yawo a bakin mutanen gundumomin Tasawa da Mayahi duk lokacin da hira ta kai ga hukuma. Na farko shi ne ana biyan lanho kowace shekara, ana yankar tikiti a kowace kasuwa, amma aji yana nan na zana, rijiya tana nan a ƙafe, likita kuma babu magani. Na biyu ya fi na farko zafi: an kai kuka, an rubuta takarda, an aika wakilai, ba wanda ya dawo da amsa. Koken duka biyu suna da tushe. Sai dai sau da yawa ana kai su ƙofar da ba tasu ba, kuma wannan ruɗani yana yi wa jami'in da ba ya son amsa tambaya rana, domin kullum yana da wanda zai nuna da yatsa. Saboda haka ya kamata a warware zaren: kuɗin wa ake magana, a hannun wa suke, kuma wa doka ta ɗora wa nauyin bayani.

Kalmomin da ya kamata a fara tantancewa

Kasafin kuɗi, wanda ma'aikata ke kira bije daga Faransanci, takarda ce da ke nuna abin da hukuma ke sa ran samu a shekara da abin da aka ba ta izinin kashewa. Izini ne da hasashe. Ganin an rubuta rijiya a cikin kasafi ba ya nufin kuɗinta sun shiga asusu, kuma a nan ne rashin fahimta mai yawa ke farawa. Akwai wata takarda ta daban da ake rubutawa bayan shekara ta ƙare, wadda ke nuna abin da aka samu da gaske da abin da aka kashe da gaske. Ita ce ta fi cancanta talaka ya nema, amma ita ce aka fi ƙarancin ambata.

Kasafi yana da ɓangare biyu. Kuɗin gudanarwa su ne albashi, man mota, takardu, alawus na zama da tafiye-tafiye. Kuɗin zuba jari su ne abin da ke barin alama a ƙasa: aji, rijiya, rumfar kasuwa, mayanka, hanya.

Lanho, ko lampo a wasu bakuna, harajin kai ne da ƙaramar hukuma ke karɓa daga baligai ta hannun masu gari da masu unguwanni. Kwamin ita ce ƙaramar hukuma. Firefe shi ne wakilin gwamnatin tsakiya a gunduma, naɗa shi ake yi daga Yamai. Kantoma, a wannan sharhi, shi ne jami'in da aka naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma a madadin zaɓaɓɓen magajin gari. Jika ɗaya kuma sefa 1,000 ce, biliyan ɗaya ita ce abin da ake kira miliyar.

Asusu uku, ƙofa uku

Kuɗin da ake kashewa a kan jama'ar Tasawa da Mayahi suna fitowa ne daga wurare uku, kuma kowane yana da mai riƙe da shi.

Na farko asusun gwamnatin tsakiya ne. Daga nan ake biyan malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, jandarmomi da manyan hanyoyi irin babbar hanya ta ɗaya da ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram. Ana yanke shawararsa a Yamai. Magajin gari ko kantoma ba shi da ikon ƙara malami ko biyan bashin albashin malamin kwantiragi.

Na biyu asusun ƙaramar hukuma ne. Gundumar Tasawa tana da ƙananan hukumomi 7: Tasawa, Maijirgi, Urafan, Korgom, Hawandawaki, Kona da Bawdeta. Mayahi tana da 8: Mayahi, Kanambakashe, Sarkin Hausa, Cake, Isawan, Gidan Amumun, Atantane da Alhasan Mairerai. Kowace tana da kasafinta, kuma abin da ke cika shi shi ne lanho, kuɗin kasuwa da na kara inda ake cinikin dabbobi, kuɗin tasha, sayar da filaye, da ɗan tallafin da gwamnati ke turowa ta hannun ANFICT, hukumar da aka kafa a 2008 don tallafa wa ƙananan hukumomi.

Na uku kuɗin ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya ƙasa ne, waɗanda mutane ke kira furoje. A yankin Gulbin Kaba, rijiyoyi da bankunan hatsi da ɗakunan shan magani da yawa daga wannan hanya suka zo. Mafi yawan waɗannan kuɗi ba sa ratsa asusun ƙaramar hukuma, don haka wanda ya je ma'aikatar magajin gari neman lissafinsu zai iya dawowa hannu rabbana ko da ba a yi niyyar ɓoye masa komai ba.

Lanho na asusu na biyu ne. Yawancin abubuwan da talaka ya fi jin zafin rashinsu, wato malami da magani da babbar hanya, na asusu na farko ne. Wannan ba ya wanke ƙaramar hukuma, amma yana nuna inda kowace tambaya ta dosa.

Yadda aka zo nan

Dangantakar talakan wannan yanki da hukumar zamani ta fara ne da karɓa, ba da bayarwa ba. Ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar a 1899 da ƙone-ƙone da kisa, kuma a kusa da Maijirgi tafiyar shugabanninsa ta ƙare a watan Yuli na wannan shekara. Mulkin da ya biyo baya ya zo da harajin kai da aikin tilas, ana karɓa ta hannun sarakuna, kwamandan Faransa kuma ba ya yi wa kowa bayani. Tasawa ce hedikwatar wannan mulki a yankin kafin a mayar da ita Maraɗi a 1927. Samun 'yancin kai a 1960 ya canja masu zama a ofis, bai canja tsarin da ke sa jami'i ya dubi na sama da shi kawai ba.

An yi yunƙurin juya wannan tsari. A farkon shekarun 2000 Mayahi tana cikin wuraren da aka fara gwada majalisun share fage na ƙananan hukumomi, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, tun kafin a yi zaɓe. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265 a faɗin Nijar, kuma a karon farko manomin Korgom ko na Isawan ya zaɓi kansilan da zai zauna a kan kasafin garinsu. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na Satumba 2010 ya tsara aikin: majalisa ce ke amincewa da kasafi, magajin gari ke ba da umurnin kashewa, wani ma'aji na daban ke riƙe da kuɗin, firefe kuma yana duba ko an bi doka. Kundin ya kuma ce zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a, sarakuna suna halarta da muryar shawara.

Tafiyar ba ta yi santsi ba. Majalisun da aka zaɓa a Janairu 2011 wa'adinsu ya cika a 2016, amma aka yi ta tsawaita shi har zuwa zaɓen 13 ga Disamba 2020. A Janairu 2016 gwamnati ta sanar da miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannoni huɗu, ilimi, lafiya, ruwa da muhalli, sai dai kuɗin da ya kamata su bi ayyukan sun yi ta jan ƙafa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja sun rusa majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a Afrilu 2024, suka naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya tsayar da wa'adin riƙon ƙwarya na shekara 5, an kuma rusa jam'iyyun siyasa. Ma'anar wannan ga mai biyan lanho a fili take: a yanzu babu kansilan da ya zaɓa, kuma babu ranar zaɓe ta kusa da zai jira don ya hukunta wanda ya ƙi sauraronsa.

Me ya sa ba a ganin aiki?

Dalili na farko ƙanƙantar asusun ne. Lanho a ƙananan hukumomin karkara bai wuce jika ɗaya a shekara ga mutum ba. A ɗauka, don misali kawai, wata ƙaramar hukuma tana da masu biya 30,000, kowa ya ba da sefa 700 ba wanda ya kuɓuce. Abin da zai taru miliyan 21 ne. Daga ciki za a cire ladan sarakunan da suka tattara, a biya ma'aikata, a sayi mai, alhali aji ɗaya na siminti yana cin miliyoyi. Kuma ba a taɓa tattara shi duka, musamman a shekarar da damina ta gaza, lokacin da matasa suka tafi ci-rani Najeriya, Agadas ko Libiya. Doka ta ce a keɓe wani kaso na kuɗin shiga don zuba jari, amma idan abin da ya shigo ya yi kaɗan, gudanarwa ce ke fara lashe shi.

Dalili na biyu yawan jama'a ne. Ƙidayar 2012 ta nuna kowace daga cikin gundumomin biyu tana da mutane fiye da rabin miliyan, jihar Maraɗi kuma ta haura miliyan 3. Binciken lafiya na 2012 ya sa matsakaicin haihuwa a Nijar a kan 'ya'ya 7.6 ga mace, na Maraɗi ya ɗara haka. Ko an gina aji goma a bana, yaran da za su shiga makaranta baɗi sun fi ƙarfinsu. Shi ya sa azuzuwan zana suka cika ƙasar, har gwamnatin da ta gabata ta ƙiyasta su kusan 36,000. Gobarar 8 ga Nuwamba 2021 a wata makarantar birnin Maraɗi, wadda ta kashe yara aƙalla 25 a cikin irin waɗannan azuzuwa, ta nuna cewa maganar kasafi magana ce ta rai.

Dalili na uku alkawarin da ba a biya ba. Misali mafi bayyana shi ne maganin kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, wanda aka shelanta a 2006. Tsarin ya ce likita ta duba yaro kyauta, ta aika lissafi, gwamnati ta mayar mata da kuɗin. Mayarwar ta riƙa makara watanni, wani lokaci shekaru, har bashin ya taru. Likitar da ba a biya ba ba ta iya sake cika ma'ajin magani, sai ta rubuta wa uwa takarda ta je ta saya a waje. Uwar ta ji a rediyo cewa kyauta ne, don haka a idonta ma'aikacin da ke gabanta ne ya ci kuɗin. Wani lokaci zargin gaskiya ne, amma sau da yawa laifin yana can sama, inda aka yi shela ba a tanadi kuɗi ba. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun yi rubutu mai yawa a kan wannan giɓi tsakanin abin da aka sanar da abin da ke faruwa a ɗakin likita.

Dalili na huɗu shi ne wanda bai kamata a yi masa kwana-kwana ba: an ci dukiyar jama'a, kuma mutane sun sani. Badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare da ta fito a 2006 ta kai ministoci biyu gidan kaso, ta kuma taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Firaminista Hama Amadu a Mayu 2007. A 2020 binciken sayen kayan soja ya fito da asarar da rahoton farko ya sa kusan biliyan 76, ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Manomin da ke jin waɗannan alƙaluma yana da hujjar ƙin yarda idan aka ce masa babu kuɗin gyara famfon garinsu. Haka nan idan ya ga an ƙawata birnin Maraɗi don bikin 18 ga Disamba 2015, shirin da aka kira Maraɗi Kwalliya, yana da haƙƙin tambayar yaushe rabon zai gangaro zuwa Urafan da Atantane.

Me ya sa jami'i ba ya amsawa?

Rashin amsa ba halin mutum ɗaya ba ne kawai, tsari ne ke haifar da shi. Ma'aikacin gwamnati a Mayahi ya san cewa ƙarin girma da sauyin wurin aikinsa suna hannun na sama da shi, ba hannun mutanen da ke layi a ƙofarsa ba. Babu abin da zai same shi idan ya bar takardar koke a cikin aljihun tebur. Ana kuma yawan sauya jami'ai, sabon zuwa ya ce bai san da maganar ba.

Harshe ma katanga ne. Kasafi da rahotanni da takardun kwangila da Faransanci ake rubuta su, a yankin da mafi yawan manya ba su yi lakwal ba, ko da yake da yawansu suna karanta ajami. Ga kuma al'adar bi ta hannun wani: mai gari, ɗan siyasa, attajiri. Wanda yake da hanya ana saurarensa, wanda ba shi da kowa sai ya haƙura. Mai gari kansa yana tsaka mai wuya, domin shi ne mai karɓar lanho a madadin hukuma, shi ne kuma ake so ya kai kukan masu biya.

Sai tsoro. A Maris 2018 an kama jagororin farar hula irin su Musa Cangari, Ali Idrisa da Nuhu Arzika saboda zanga-zangar adawa da dokar kasafin wannan shekara, suka yi watanni a tsare. A Yuni 2024 an dawo da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet kan ɓata suna da yaɗa abin da aka ce zai dagula zaman lafiya. Mutumin ƙauye ba ya karanta waɗannan dokoki, amma labarinsu yana isa gare shi, sai ya zaɓi yin shiru a gaban hukuma ya yi gunaguni a gida.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu kare hukuma suna cewa a dubi halin da ƙasa ke ciki. Yaƙi da 'yan ta'adda a Tilaberi da Difa, da 'yan bindiga a kan iyakar Madarunfa da Gidan Runji, yana cin kaso mai yawa. Takunkumin ECOWAS da janyewar tallafin waje sun sa an rage kasafin 2023 da kusan kashi 40 cikin 100, daga biliyan 3,291 zuwa 1,981. Suna kuma nuna matakai irin rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati a 2024, da kafa hukumar COLDEFF a 2023 don ƙwato dukiyar da aka sace. A ganinsu zaɓaɓɓun magadan gari sun zama 'yan amshin shatan jam'iyyu, ana raba kwangila da filaye bisa siyasa, kuma ko a zamanin farar hula an sha tuɓe wasunsu bisa zargin almundahana ko sakaci da aiki, har da na Yamai a 2013 da 2017. Kantoma, in ji su, ba shi da magoya bayan da zai saka wa.

Masu suka suna amsa cewa kantoma ba shi da wanda zai saka wa a ƙasa, amma kuma ba shi da wanda zai ji tsoro a ƙasa. Suna nuna dokar Fabrairu 2024 da ta cire sayayyar tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da na bincike, suna tambaya ko ba wannan fannin ne aka samu ɓarnar 2020 a cikinsa ba. Suna kuma cewa tun da asusun ceton ƙasa da aka kafa a Oktoba 2023 yana cire wani abu daga kuɗin waya da na sufuri, kowane talaka ya zama mai zubi, mai zubi kuma yana da haƙƙin ganin lissafi.

Akwai ra'ayi na uku da ake ji daga bakin ma'aikatan ƙananan hukumomi: jama'a ma suna da nasu laifin, suna guje wa lanho, suna haɗa baki da mai yankar tikiti a biya rabi ba rasit, kuma ko a lokacin da zaman majalisa yake a buɗe ba su zuwa. Wannan gaskiya ne, amma bai kai matsayin uzuri ba. Mutum ba ya zuwa taron da ba a sanar da shi ba, wanda kuma za a yi da harshen da ba ya ji.

Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Sai dai ƙarancin kuɗi yana bayyana dalilin rashin aiki ne kawai, ba ya bayyana dalilin rashin amsa. Faɗa wa mutanen Hawandawaki cewa kasuwarsu ta tara kaza a bana, an kashe kaza a kan kaza, ba ya bukatar tallafin waje.

Abin da zai iya biyo baya

Idan aka ci gaba a haka, abu na farko da zai faɗi shi ne tattara haraji. Wanda bai ga amfanin lanho ba zai ƙi biya, asusu ya ƙara ramewa, aiki ya ƙara raguwa, ƙin biyan ya sami sabuwar hujja. Na biyu, jama'a za su ƙara juya wa hukuma baya su koma ga ƙungiyoyin agaji, 'yan ci-rani da attajirai, alhali waɗannan ba su da wajibcin yi wa kowa adalci wajen rabo. Na uku, inda bayani ya yi ƙaranci jita-jita ce ke cika wurin, kuma saƙon murya na WhatsApp yana zagaye gunduma kafin sanarwar firefe ta fita daga ofis. Jami'i mai gaskiya shi ne ya fi asara a nan, domin ba shi da takardar da zai wanke kansa da ita a idon jama'a.

Tarihin ƙasar ya nuna cewa koke kan iya sauya manufa. A Maris 2005, lokacin da aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su fulawa, madara, ruwa da lantarki, gamayyar yaƙi da tsadar rayuwa ta tsayar da harkoki a Yamai da manyan birane, kuma a Afrilu gwamnati ta janye harajin daga yawancinsu. Amma wannan hanya ce mai tsada, kuma ta birni ce. Ƙauye yana bukatar ƙofar da ke buɗe kullum.

Abin da ke hannu tun yau

Dokar 23 ga Fabrairu 2011 ta amince wa ɗan ƙasa da haƙƙin neman bayanai da takardun hukuma. Kundin Maris 2025 kuma ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Idan aka haɗa waɗannan biyu, babu hujjar da ta rage ta barin kasafin Kanambakashe ko na Maijirgi cikin Faransanci a kulle a kabad. Kowane kantoma zai iya liƙa taƙaitaccen kasafi da lissafin ƙarshen shekara da Hausar boko da ajami a ƙofar ofis da bakin kasuwa, a karanta su a gidajen rediyon al'umma, a rubuta kuɗin kowane aiki da sunan ɗan kwangila a allo a wurin aikin. Zai iya buɗe rajistar koke mai lamba, a ba mai koke rasit da ranar da zai dawo ya ji amsa, ko da amsar ita ce wannan ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne, ga ofishin da za a je.

Ga masu biyan lanho kuma, a karɓi rasit a kan kowace dala da aka biya, a rubuta koke da sunan unguwa ko ƙungiya maimakon mutum ɗaya, a ajiye kwafi, a kuma tantance ko maganar ta kantoma ce, ta firefe ce, ko ta furoje. Gwamnan Maraɗi da firefofin Tasawa da Mayahi su ne ke sama da kantomomin ƙananan hukumomin nan 15, kuma umurni ɗaya daga gare su ya isa a fara liƙa lissafin kafin a fita karɓar lanhon shekara mai zuwa.